TARIHI A WANNAN MAKO: Hannuwan da Suka Gina Tayoyin Yaƙin Duniya na Biyu



Kwanakin baya na tsaya wajen wani mai faci a bakin titin Kankiya ina jiran a duba mini tayar babur. A gefensa akwai wani dattijo zaune yana yanka tsohuwar tayar babbar mota da wuƙa, zai fitar da takalma da robar ɗaure kaya. Da ya tsaga gefenta sai na ga zare a jere, falle kan falle, kamar an tara zannuwa an manne su. Na ce, "Baba, ashe taya ma tufa ce?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da roba ce zalla ai da ba ta kai ka Charanci ba."

Maganar dattijon nan ita ce silar rubutun yau. Da yawanmu mun ɗauka taya narka roba ake yi a zuba a mazubi kamar bokitin roba. Alhali gina ta ake yi, kuma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, mutum ne yake tsayawa ya gina kowace ɗaya da hannunsa. Akwai lokacin da manyan ƙasashe suka rasa barci saboda roba da kuma waɗannan hannuwa, har abin ya taɓa mutanenmu na kan hanyar Kano zuwa Katsina.

YADDA ROBA TA YANKE

Asalin roba ruwan itace ne, fari kamar madara, wanda ake tsaga bawon bishiya a tara. Kafin yaƙin, kusan kashi 90 cikin 100 na robar duniya daga Kudu maso Gabashin Asiya yake fitowa, musamman Malaya da ke hannun Ingila da tsibiran Indunusiya da ke hannun Holan. A watan Disamban 1941 Japan ta shiga Malaya, ranar 15 ga Fabrairun 1942 Singafo ta faɗi, zuwa Maris tsibiran Holan ma sun shiga hannunta. Cikin wata uku Ingila da Amurka suka wayi gari babu gonakin da suka dogara da su. Abin da ya rage musu mai yawa shi ne tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, sai gonar kamfanin Firestone a Laberiya wadda aka fara a 1926.

Soja kuwa ba ya motsi sai da roba. Tankar yaƙi guda tana cin wajen rabin tan, ga motocin ɗaukar kaya, ga igwa mai ƙafa, ga jirgin sama da ba ya tashi ko sauka sai a kan taya. A Amurka taya ce abu na farko da aka fara rabawa da takardar izini, tun Janairun 1942. A watan Yuni shugaba Roosevelt ya roƙi jama'a su kawo duk wata tsohuwar roba, aka tara kimanin tan 450,000, daga tsofaffin tayoyi har tiyon ban ruwa. Aka kuma hana gudu fiye da mil 35 a awa, wato kamar kilomita 56, don kada tayoyi su cinye da wuri.

YADDA AKE GINA TAYA

Manyan wuraren aikin su ne birnin Akron a jihar Ohayo ta Amurka, inda Goodyear da Firestone da B.F. Goodrich suke, da masana'antar Fort Dunlop a Birmingham ta Ingila wadda aka buɗe a 1917. Aikin kashi huɗu ne.

Na farko kwaɓi. Ɗanyar roba ba ta da amfani a titi, da zafi ta yi danƙo, da sanyi ta ƙage. Sai an murje ta a inji an haɗa ta da farar wuta da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya. Garin nan shi ke sa taya baƙi, shi kuma ke ƙara mata juriya. Masu aikin ɗakin kwaɓi sukan tashi baƙi ƙirin, har cikin hanci.

Na biyu tufa. Ƙashin taya zare ne, kuma a lokacin mafi yawa na auduga ne, irin mai dogon gashi kamar ta Masar. Saboda muhimmancinta har gonar auduga Goodyear ya buɗe a jihar Arizona a 1917. Ana jera zaren tsaye dubbai gefe da gefe, a bi da su tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa su shafe su da roba ciki da waje. Sai a yanka tufar falle-falle a karkace, kamar yadda tela yake yanka ƙyallen da zai bi wuyan riga. A wani sashe kuma ana naɗa wayar ƙarfe a yi zobba biyu, su ne leɓen taya da ke kama wili.

Na uku shi ne ginin kansa, kuma nan gwanin yake. Maginin taya yana tsaye gaban wata ganga ta ƙarfe kwance, yana juya ta da feda. Zai jawo falle na farko ya naɗa a jikin gangar, ya haɗa bakinsa da yatsu. Falle na biyu zai ɗora shi zarensa ya gicciye na farko, na uku ya gicciye na biyu. Wannan giciyen ne ke hana taya fashewa idan an cika ta da iska. Kowane falle sai ya shafe shi da man da ke tayar da danƙo, ya bi shi da ɗan gargaren ƙarfe yana danna shi don fitar da iska. Sai ya sa zobban nan biyu a gefe, ya lanƙwaso bakin tufar ya rufe su. Daga ƙarshe ya ɗauko kaurin robar da za ta taka ƙasa, ya naɗa, ya haɗa bakinta daidai. Tayar ƙaramar mota falle huɗu ce galibi, ta babbar mota takwas, goma, sha biyu ko fiye, kuma nauyin robar samanta kaɗai ya isa ya gajiyar da ƙato.

Abin da ya fito daga hannunsa bai yi kama da taya ba tukuna, ya fi kama da ganga marar fata. Sai kashi na huɗu, wato dahuwa. A cusa mata jakar iska a ciki ta bultso, a sa ta a mazubin ƙarfe mai zane, a rufe, a sakar mata tururi mai zafin wajen digiri 140 zuwa 150. A nan farar wuta ke ɗaure robar ta zama mai ƙarfi, haƙoran taya kuma su fito. Wannan dabarar dafa roba da farar wuta Charles Goodyear ne ya gano ta a 1839. Ƙaramar taya ba ta kai awa ɗaya a wuta, manya kuwa sukan kwashe awoyi.

Ku lura da wani abu. Da zarar taya ta dahu, duk kuskuren da magini ya yi ya ɓuya a cikinta. Idan ya bar ɗan kumfan iska tsakanin falle biyu, ko gumi ko ƙura ta shiga, ko zobe ya karkace, ba mai gani da ido. Sai ranar da ta ɗauki zafi da lodi za ta yi ƙululu ta fashe, wataƙila a ƙarƙashin jirgin da ke sauka. Shi ya sa aikin yake bukatar watanni kafin hannu ya faɗa, kuma amana ce kafin ya zama sana'a. Da maza suka tafi fagen daga, mata da yawa suka shiga masana'antun Akron, wasu har suka tsaya gaban ganga.

ROBAR HAƊI DA MATSALARTA

Amurka ta fita daga ƙangin ne ta hanyar haɗa roba daga man fetur da barasar hatsi. Gwamnati ta gina masana'antu, zuwa 1945 suna fitar da fiye da tan 700,000 a shekara. Amma sabuwar robar ta ƙara wa magini wahala, domin ba ta da danƙo kamar ta itace, falle ba ya kama falle sai an shafa masa gam na robar asali. Ga shi tana saurin ɗaukar zafi, har zaren auduga ya riƙa gazawa a manyan tayoyi, aka koma zaren reyon, na jirage kuma aka fara sa musu nailan. Manyan tayoyi dai ba su taɓa rabuwa da robar itace gaba ɗaya ba.

A ƙarshen 1944, bayan sojojin ƙawance sun shiga Faransa, dubban motoci ne ke jigilar fetur da harsashi dare da rana, mafi yawan direbobinsu baƙaƙen fatar Amurka. Tayoyi suka riƙa ƙarewa fiye da yadda ake yin su. Roba ta samu a lokacin, gwanayen gina manyan tayoyi ne suka yi ƙaranci, har rundunar Amurka ta sallamo wasu sojoji da suka iya aikin su koma masana'anta. A Jamus kuwa, wadda ta dogara da robar haɗi mai suna Buna, fursunoni aka tilasta wa gina masana'antarta a kusa da sansanin Auschwitz, dubbai suka mutu a wurin.

INA MUKE A LABARIN?

Faɗuwar Malaya ta sa Ingila ta juyo kan Nijeriya. A kudu, yankin Benin da Sapele da Warri, aka matsa wa mutane su tsagi roba, ta gona da ta daji. Mu nan Arewa muna da danƙon gamji, wanda Turawa suka sani da sunan jan danƙon Kano, sai dai robar da ke cikinsa kaɗan ce, ya fi dacewa da cingam da tarkon tsuntsu. Abin da aka nema a wajenmu shi ne gyaɗa, da sojoji, da kuma lebura. Malaya ce babbar mai kuza a duniya, don haka daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. A Kano kuma, tun 1940 jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana suke sauka su sha mai kafin su wuce Maiduguri, Khartum da Alƙahira. Kowannensu a kan tayoyin da wani ya gina da hannu ya sauka.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wani reshe ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙaurar Namoda a 1929, amma bai biyo ta Kankiya ko Kusada ba. Gyaɗar ƙasarmu sai an ɗauke ta a kai bakin dogo. A shekarun yaƙin, ƙarshen zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko wanda ya rasu a 1944 da farkon na Sarki Usman Nagogo, gwamnatin mulkin mallaka ta sa hannu a rabon fetur da taya, mai mota ba ya samu sai da izini. Motar da tayarta ta mutu tana iya kwashe watanni a kan dutse. Jaki da raƙumi suka ci gaba da ɗaukar kaya mai yawa a hanyar Tsanyawa da Bichi zuwa Kano.

BAYAN YAƘI

A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar sabuwar taya wadda zarenta ke tafiya kai tsaye daga leɓe zuwa leɓe, da ɗamarar waya a ƙarƙashin haƙora. Ita ce a yawancin motocinmu yau, kuma inji ya karɓe mafi yawan aikin, ko da yake tayoyin jirgin sama da na manyan motocin haƙar ma'adinai har yanzu sai da hannun gwani.

Mu ma mun taɓa ginawa. A farkon shekarun 1960 Michelin ya buɗe masana'anta a Fatakwal, Dunlop ya buɗe a Ikeja, 'yan Nijeriya suka tsaya gaban ganga suka ƙware. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina yin taya a 2008, ana kukan rashin wuta da tsadar aiki da kwararowar ta waje. Yau ƙasar da ke noman roba tana sayar da ita ɗanya, tana sayo taya, da yawa ma 'yar gwanjo wadda wasu suka gama cin moriyarta. Gwanayen da suka koyi aikin sun tsufa ba su miƙa wa kowa ba.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne kula. Wanda ya san taya tufa ce da aka manna da roba, zai gane dalilin da ya sa ƙarancin iska da lodin wuce kima da zafin kwalta a watan Afrilu suke raba fallayenta, ko da haƙoranta na nan. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana gargaɗin a guji tayar da ta haura shekara huɗu da yi. Direbobinmu na layin Kano zuwa Katsina, da mu fasinjoji, duba wannan lamba ba ya cin minti ɗaya.

Wanda kakansa ya yi tuƙi, ko fataucin gyaɗa, ko aka ɗebe shi zuwa Jos a waɗancan shekaru, don Allah ya ba mu abin da ya ji daga bakinsa, musamman 'yan uwa na Kusada da ƙauyukan Kankiya. Irin wannan tarihi yana tafiya ne tare da masu shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.