Kalmar "jego" da tarihin kula da mai haihuwa

A Hausa, jego ba kwana arba'in kaɗai yake nufi ba. Kalmar ta ƙunshi wankan ruwan zafi safe da maraice, da kunun kanwa, da hutun da mace ke samu a gaban uwarta, musamman a haihuwar fari, bayan ta daure naƙuda ba kuka saboda kunya.

Cikin shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura a Zariya cewa ciwon zuciya yana yawan kama masu jego, suka danganta shi da zafin wanka da gishirin kanwa. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun bi sawun ciwon a babban asibitin ƙasa. A 1992 suka nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu fama da shi.

Wannan tarihi ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. Duk littafin da ya ce a bar jego, ya haɗa kanwa da kulawar uwa ya zubar. Wajibi ne a kira abin da ke cutarwa da sunansa, a bar wa mai jego hutunta da danginta.