Na'urar Gano Kifi: Amfani da Ita da Kula da Ita

Muna sanar da masunta da sarakunan ruwa da jami'an ƙananan hukumomi cewa amfanin wannan na'ura ya dogara ne ga kulawar da ake ba ta. Kamfanin Furuno na ƙasar Japan ne ya fara sayar da ita a shekarar 1948.

Na'urar tana da allo, da batir mai bolt 12, da kuma wani ƙaramin sashe da ake dasawa a ƙasan kwalekwale, wanda za mu kira idon na'ura. Idon yana aika sauti cikin ruwa, mai gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Da zarar sautin ya bugi jakar iskar da ke cikin kifi ko dutse, sai amon ya dawo, allo ya nuna zurfin wurin. Kifi yakan fito da siffar baka. Wannan yana rage asarar mai da yagewar koma a Kogin Kaduna da madatsar Kangimi da tafkin Shiroro.

Muna ba da shawara:

1. A tabbata idon yana nutse, domin kumfa tana ɓata hoto.
2. A wanke gansakuka da sabulu da tsumma mai laushi, ban da fetur ko wuƙa.
3. A kare allo daga zafin rana.
4. A kai batir da wayoyi wurin masu gyaran lantarkin mota, kamar na Kurmin Mashi, kafin damina.

A bar ƙananan kifi su girma, domin su ne abincin gobe.