Hoton gada cikin dare: daga Kwangila zuwa bangon falo

Hoton dare fanni ne na ɗaukar hoto da ke dogara da hasken fitilu maimakon na rana. Brassaï, wanda ya wallafa hotunan birnin Paris cikin dare a farkon shekarun 1930, yana cikin waɗanda suka fito da martabarsa. Gadoji na jan hankalin masu wannan sana'a saboda tsarin gininsu da hasken da ke ratsa su.

Ga mazauna Palladan, kan hanyar Sakkwato tsakanin Sabon Gari da Samaru, gadar da ke kusa ita ce ta Kwangila: motoci a sama, masu tafiya a ƙafa da 'yan tireda a ƙasa. Ana kafa kyamara kan mariƙi mai ƙafa uku, a bar idonta buɗe daƙiƙa 10 zuwa 30. Fitilun motoci sai su zama zare ja da fari, masu wucewa kuwa su ɓace ɗungum, sai dai mai shayin da ya zauna bai motsa ba. Ƙurar hunturu tana yi wa kowace fitila rawani, amma tana cinye kaifin hoton. Bayan magariba, kafin shuɗin sama ya gushe, ya fi tsakar dare kyau.

Wahalar tana wajen wankewa. Baƙi kan takarda mai araha yakan fito toka-toka, gilashin firam kuma ya mayar da hoton madubi. Shi ya sa ake rataye shi a bangon da bai fuskanci taga ba, a bar 'yar tazara tsakanin takarda da gilashi saboda laimar damina.