Tarihin Kiwon Jimina a Yankin Sahel

Jimina mai jan wuya ita ce tsuntsu mafi girma a duniya, kuma a da tana yawo daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya. A ƙarni na 19 gashinta na cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, tare da hauren giwa da fatu. A gida kuma kayan sarauta ne: figini da takalman gashin jimina suna nan a fadar Kano har gobe. Amma yaron da ya tashi yau a Talata Mafara ko Bakura sai dai ya gan ta a gidan zu.

Waɗanda suka fara mayar da kiwonta babbar sana'a manoman Afirka ta Kudu ne, musamman na Oudtshoorn. A 1869 wani manomi mai suna Arthur Douglass ya ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwanta. Duk da haka gashin jiminar Sahel ya fi nasu kyau, shi ya sa a 1911 gwamnatinsu ta turo tawaga ƙarƙashin Russel Thornton, ta zo Kano ta tara jiminu kusan 150, aka sauke su a Cape Town a 1912. Shekara biyu kacal bayan haka kasuwar gashin ta rushe.

A daji kuwa bindiga da mota da kwasar ƙwai suka yi ta cin ta. Garke mafi girma da ya rage a Nijar yana tsaunukan Ayir, cikin gandun da aka kafa a 1988, kuma wani tawaye da aka yi a farkon shekarun 1990 ya kusan share shi. Abin da ya tsira 'yan ƙalilan ne a hannun masu kiwo a gida. Da irin waɗannan ƙungiyar Sahara Conservation Fund, wadda aka kafa a 2004, ta soma aikin ƙyanƙyasa a Kelle kusa da Gure a jihar Damagaram, tare da hukumomin Nijar da mutanen yankin.

Nan ne lissafi ya yi wuya. Ƙwai ɗaya ya kai kilo ɗaya da rabi, yana buƙatar kwana 42 kafin ya fashe. Idan aka bar wa iyaye, mace ta kwanta da rana, namiji da dare, babu kuɗin da aka kashe, sai dai dila da hankaka suna nan suna jira. Idan aka sa a na'ura, sai an tanadi wutar sola, da ma'aikacin da zai riƙa duba zafi da laima ba dare ba rana. Ƙwan da ya fashe ma ba a gama ba, domin 'yan tsaki na mutuwa da yawa a watannin farko, wanda ya rayu kuma sai an ciyar da shi shekara biyu zuwa huɗu kafin ya isa haihuwa. Manomin Oudtshoorn yana figar gashi ya mayar da kuɗinsa. Mai kiwo don a saki a daji ba ya sayar da komai.

Chadi ta samu hanya mai sauƙi saboda tana da sauran jiminun daji a gandun Zakuma. Daga can ake ɗebo 'yan tsaki, a rene su, a sake su a gandayen Ennedi da Wadi Rime. Nijar ba ta da wannan gatan, dole ta bi ta shinge da na'ura. Gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka mayar da raƙuman dawa a 2018, shi ne ya karɓi wasu daga cikin 'yan tsakin Kelle, kuma a can kuɗin ya koma kan albashin masu gadi da man motar sintiri.