Dalilin da ya sa filashi ke ƙin karɓar babban fayil

A garin Auyo da ke masarautar Hadejia a jihar Jigawa, kamar sauran garuruwan arewacin Najeriya, jama'a da dama na adana bidiyon biki da karatun tafsiri da takardun aiki a katin memori ko filashi.

Wata matsala da masu ɗaukar bidiyo da masu tura fina-finai a waya kan ci karo da ita, ita ce kwamfuta ta ƙi zuba bidiyo mai nauyin gigabait 5 a filashi mai gigabait 32, alhali babu komai a cikinsa.

Akan zaci filashin ne ya lalace. Amma galibi lafiyarsa ƙalau, matsalar tana tattare ne da tsarin ajiyar fayil da aka ɗora masa.

Mene ne tsarin ajiyar fayil?

Tsarin ajiyar fayil shi ne ƙa'idar da na'ura ke bi wajen rubuta sunan kowane fayil, da nauyinsa, da kuma wurin da aka ajiye shi.

Ana iya kwatanta shi da littafin mai sito a lokacin girbin shinkafa a fadamar Hadejia. Idan gurbin da aka ware domin rubuta yawan buhunan kowane manomi lamba uku kaɗai yake ɗauka, to ba za a iya rubuta wa mutum ɗaya fiye da buhu 999 ba, komai girman siton.

Haka abin yake ga tsarin da ake kira FAT32, wanda kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da shi a shekarar 1996, kuma da shi ƙananan filashi da katunan memori da yawa ke zuwa daga masana'anta.

Daga ina iyakar ta samo asali?

Kwamfuta na lissafi ne da sifiri da ɗaya. A tsarin FAT32, gurbin da ake rubuta nauyin fayil yana da mazauni 32 na irin waɗannan lambobi.

Adadi mafi girma da zai iya shiga wannan gurbi shi ne 4,294,967,295, wato gigabait 4 ba bait ɗaya. Duk fayil ɗin da ya haura haka, tsarin ba shi da hanyar rubuta nauyinsa, don haka sai ya ƙi karɓarsa.

A shekarar 1996 wannan iyaka ba ta damun kowa, domin a lokacin ma'ajiyar kwamfutoci da yawa gaba ɗayanta ba ta kai gigabait 4 ba. Yanzu kuwa bidiyon walima ɗaya da aka ɗauka da kyamara mai kyau na iya zarce hakan.

Wannan ne ma ya sa kyamarori da dama ke yanka dogon bidiyo zuwa gida-gida idan katin da ke cikinsu na kan wannan tsari.

Akwai kuma iyaka ta biyu, wadda ta shafi girman ma'ajiyar kanta. FAT32 na iya ɗaukar ma'ajiya har ta terabait 2, amma tun daga Windows 2000 kamfanin Microsoft ya taƙaita girman da manhajarsa ke ɗora wa tsarin zuwa gigabait 32. A shekarar 2024 ne ya fara gwajin ɗage wannan taƙaitawa a Windows 11, sai dai hakan bai taɓa iyakar gigabait 4 ta kowane fayil ba.

Waɗanne tsare-tsare ne suka wuce wannan iyaka?

Tsarin NTFS, wanda ya fito a shekarar 1993, shi ne Windows ke amfani da shi a ma'ajiyar cikin kwamfuta, kuma yana ɗaukar fayilolin da suka ninka gigabait 4 sau dubbai.

A shekarar 2006 kuma Microsoft ya fito da exFAT musamman domin filashi da katunan memori. A shekarar 2009 ƙungiyar kamfanonin da ke tsara ƙa'idojin katin SD ta amince da shi ga katunan SDXC, wato waɗanda suka haura gigabait 32.

Saboda haka rubutun da ke jikin kati na iya nuna wa mai saye abin da zai tarar. Mai alamar SDHC yana zuwa da FAT32, mai alamar SDXC kuma da exFAT.

Abin lura kafin sauya tsari

Ana iya mayar da filashi daga FAT32 zuwa exFAT a kwamfuta cikin ɗan lokaci, ta hanyar abin da masu gyaran waya ke kira fomatin.

To amma wannan aiki yana share duk abin da ke cikin filashin. Wanda bai kwafe kayansa zuwa wani wuri ba tukuna, yana iya rasa hotunan iyali ko takardun da ba shi da madadinsu.

Haka nan kuma tsofaffin talabijin da rediyon mota da na'urorin kallon faifai da yawa FAT32 kaɗai suke ganewa. Ga mai irin waɗannan na'urori, raba bidiyon gida biyu ko rage masa nauyi ya fi sauya tsarin.

Me ya sa gigabait 32 ba ya cika?

Masu saye kan lura cewa sabon filashi mai gigabait 32 yana nuna ƙasa da 30 a kwamfuta. Wannan ba ha'inci ba ne. Masana'antu na ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, ita kuwa Windows tana ƙirga shi a matsayin bait 1,073,741,824. Da wannan lissafi gigabait 32 kan koma kimanin 29.8, kuma tsarin ajiyar kansa na cin wani ɗan kaso.

Inda ha'incin yake shi ne jabun katunan da aka sauya wa lissafi domin su nuna girman da ba su da shi. Irin waɗannan kan karɓi fayil kamar komai daidai, amma da zarar ainihin wurin ya cika sai abin da aka zuba ya riƙa lalacewa.

Hanyar gane su ita ce a cika sabon kati da bidiyo, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a gani ko suna aiki, kafin a damƙa masa abin da ba a son rasawa.