Kwanon Sallah: Daga Ƙwarya da Akushi Zuwa Kula

A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato, ya zama baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kullum daga gidan Sarki ake aika masa abinci har masaukinsa, kuma mazubin abincin ya ja hankalinsa har ya sa shi a littafin tafiyarsa: farantan ƙarfe ne masu tambarin Landan, wata rana ma cikin farin kwanon wanke hannu ƙirar Ingila aka kai masa nama. Shi kwanon ya dame shi. Ni kuwa aiken ne ya fi tsaya mini a rai. Ba a kira shi an zaunar da shi gaban tebur ba, abincin ne ya taka ya same shi inda yake. Haka Bahaushe ke karrama baƙo tun fil azal, kuma haka yake yi wa dangi da maƙwabta ran Sallah. Duk wanda ke son gane dalilin da ya sa kayan cin abincinmu suka zama yadda suke, to daga nan zai fara.

Abincin Sallah matafiyi ne. Kafin a sauko daga Idi an gama tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, ko funkaso, an jera kwanuka a tsakar gida, uwargida na zubawa tana ambaton sunaye: wannan na gidan Malam ne, wannan na surukai, wannan na Inna ta bayan masallaci. Yara cikin sababbin kaya su ɗauka su bazu unguwa. Addini ya ƙarfafa wannan, domin akwai hadisin da ya yi umarni a ƙara ruwan miya saboda maƙwabci, kuma naman layya ba a cinye shi a gida ɗaya. Saboda haka mazubin da zai karɓu a gidan Bahaushe dole ya kasance mai murfi, mai ɗaukuwa a kan yaro, sannan wanda in an sauke shi a gidan wasu zai fitar da matar da ta aiko shi kunya.

Da farko gona da daji ne suka biya wannan bukata. Ana shuka duma a bar shi ya ƙosa, a fafe shi, a sami ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da mara, babbar cikinsu kuma masaki. Masu zane su ɗora wuƙa a wuta su ƙona ado a bayanta. In ta tsage ba a yar da ita, gyartai na zagaye unguwa yana ɗinkewa. Tuwon maigida da na manyan baƙi kuwa a akushi ake zuba shi, wanda masassaƙa suka fafe daga itace suka baƙanta, ga nauyi ga riƙe zafi. Murfin duka faifai ne, wanda mata ke saƙawa a gida su rina da launuka. Sauran ƙoren da ba na aiki ba sai a jera su ɗaya bisa ɗaya, ko a rataye a ragaya. Asalin jere ke nan.

Shi ma ɗakin yana da nasa shirin. In Sallah ta ƙarato, mata kan yi gayya su sake daɓe: a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasan ya yi sulɓi ya yi duhu. Bango a shafe shi da farar ƙasa, mai hannu ta ja zane da yatsa tun shafen bai bushe ba. Ran jajibiri a sauke jere gaba ɗaya a wanke, a shanya, a mayar, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a sa turaren wuta a kasko a rufe ƙofa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki da safiyar Sallah ya san ƙamshin danshin ƙasa haɗe da turare.

Ƙarfe ya daɗe da shigowa, amma na masu hali ne. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa tagulla cikin kayan da fatake ke kawowa kasuwar birnin, tare da madubai da allurai da takarda da suka ƙetaro Sahara. Maƙeran farfaru na gida, da na Bida a ƙasar Nupe, suna ƙera tasoshi suna yi musu ado da guduma. Tasa ta yi daraja har magina suka riƙa dasa ta a tsakiyar rufin soro, daidai inda bakuna suka haɗu, don duk wanda ya ɗaga kai ya gan ta. Macen da ke da tasoshi takan goge su da toka ko tsamiya kafin Sallah har sai sun ɗauki ido.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekara ta zagayo aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan, kuɗi ya shiga hannun manomi. Kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja, da 'yan Kwara masu kantuna a Fagge, suka cika kasuwa da kwanukan ƙarfe masu rufin fenti mai sheƙi, daga Turai da farko, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma daga Hong Kong. Su ne langa da kwalla da fanteka da kumbo da iyayenmu suka taso da su. Ba abin mamaki ba ne da suka ture ƙwarya. Langa tana zuwa da murfinta. In yaro ya yi tuntuɓe a lungu sai dai fentin ya ɓantare, ba ta fashewa. Tana zuwa saiti-saiti, babba da mai bi mata har zuwa 'yar auta, wanda shi ne ainihin abin da jere ke bukata. Ga furanni ja da shuɗi da rawaya da ba a taɓa gani a jikin duma ba. Kasuwar ta yi girman da wajen samun 'yancin kai masu masana'antun Hong Kong suka kwaso injinansu suka dawo Najeriya. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas, daga baya aka buɗe irinsa a Kano.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da jere yake nufi ga mace, domin masu kallonsa daga waje sukan ɗauka almubazzaranci ne kawai. Kayan ɗaki mallakar mace ne, ba na miji ba. In aure ya mutu da su take fita. In wata lalura ta taso takan zare saiti ɗaya ta ba dillaliya ta sayar. In 'yarta ta isa aure daga nan ake fara haɗa mata nata. Ga macen da ke kulle, wadda ba ta da gona ba ta da asusun banki, bangon ɗakinta shi ne taskarta, kuma ranar Sallah, da 'yan'uwa da ƙawaye ke shigowa gaisuwa, ita ce ranar da ake ganin abin da ta tara da ƙuli-ƙuli da saƙar hula da adashi. Wata mai bincike, Barbara Cooper, ta rubuta irin wannan game da matan Maraɗi, don haka ba a Najeriya kaɗai abin ya tsaya ba. Sai dai yana da nasa ciwon, kuma bai kamata a rufe shi ba. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda ribar tallan 'yan mata ke tafiya wajen sayen kayan ɗakinsu. Yarinya nawa ce aka hana zama aji saboda a cika bango da kwalla? Ina ƙaunar jere, amma wannan farashi ya yi tsada.

Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka kawo wani sabon yayi. Jere ya tashi daga kan gini ya shiga kabet mai gilashi. Samira ta zo, tangaran ya zo, kwanukan silba suka biyo baya, kowanne ya yi zamaninsa ya mai da na gabansa tsohon yayi. Amma babban sauyin a tsarin gidan kansa ya faru. A gidan gargajiya baƙo namiji a zaure yake tsayawa, can ake shimfiɗa masa buzu ko darduma a kai masa abinci, bai san kalar ɗakin matar gida ba. Gidajen ma'aikata da na sababbin unguwanni kuwa ba su da zaure, falo gare su, kuma kowa nan yake shiga. Sai ado ya baro ƙuryar ɗaki ya dawo falo. Abin da ake yi da makuba da farar ƙasa a da, yanzu da fenti da sababbin labule da kafet da rigunan kujeru ake yinsa, shi ya sa masu ɗinkin labule ba sa barci a goman ƙarshe na azumi. Teburin cin abinci ma ya shigo tare da falon. A gidaje da yawa nan ake jera abincin Sallah, da cincin da dubulan da dambun nama da zoɓo, amma in an zo ci sai a shimfiɗa leda a ƙasa a kewaye tire ɗaya, yadda sunna da sabo suka koyar.

Kula ita ce ta gaji langa, kuma dalilin a fili yake. Birane sun buɗe, 'yar da a da aka aurar bayan gida yanzu tana wata unguwa mai nisa, kwanon Sallah sai ya hau mota ko adaidaita sahu. Ana bukatar abin da zai kai tuwo da zafinsa, miya ba ta zube ba. Masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da kayan da ake shigowa da su daga Sin da Indiya suka wadata kasuwa, har ta kai yau ba a cika lissafin kayan amarya sai da saitin kuloli.

Abin da ke damuna shi ne na baya-bayan nan, wato robar da ake zuba abinci a ci a yar. Na san uzurinta: babu wanki, babu cigiyar murfi bayan Sallah, ga araha. Amma kwano, ko na duma ne ko na ƙarfe, yana da dawowa. Matar da aka kai wa takan juye, ta wanke, ta zuba nata abincin ko ta saka goro, ta ba ɗan aike tukuici, ta ce a gaida mutan gida. Ta haka yara ke sanin gidajen dangi, ta haka kuma ake gane wadda ba ta da lafiya ko wadda bana ba ta samu ɗora tukunya ba, a koma mata da wani abu cikin sirri. Robar yarwa tafiya ɗaya take yi, sau da yawa ma ɗan acaɓa ne ke miƙa ta a bakin ƙofa ya wuce.

Ƙwarya da akushi da faifai ba su ɓace ba. Ana sayar da su a Kasuwar Kurmi da kasuwannin ƙauye, masu fura da nono ba su rabu da ƙwarya ba, kuma a 'yan shekarun nan amare da masu shirya biki sun koma nemansu don kamu da ranar shigar gargajiya. Mafi yawan masu sassaƙa akushi da masu saƙa faifan dai dattawa ne, kuma abin da ake biyansu bai kai ya ja hankalin 'ya'yansu su zauna su koya ba.