Baƙin Allon Da Muke Gogewa

1/ Ka taɓa sayen sabuwar laptop mai rahusa, ka kunna, sai ga baƙin allo da C:\> kawai? Mu nan Aliero cewa muke "ba komai ciki", mu ruga a sa mana Windows. Ashe FreeDOS muke gogewa. 🧵

2/ Ga asalinsa. A 1974 Gary Kildall ya rubuta CP/M. A 1980 Tim Paterson ya yi 86-DOS mai kama da shi, Microsoft ta saye a 1981, ya koma MS-DOS. Ba linzami, ba hoto, sai dai ka rubuta umarni.

3/ A 1994, da aka ji Microsoft za ta jingine DOS, wani ɗalibin jami'a a Amurka, Jim Hall, ya ce to a gina na kyauta. FreeDOS ke nan. Ɗalibi fa, irinmu!

4/ Jiya na zauna zaɓen wanda zan gwada cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta. CP/M sai ka sha wuyar neman manhajojinsa. MS-DOS 6.22 har gobe mallakar Microsoft ne. FreeDOS kyauta ne, kuma ana sabunta shi. Shi na ɗauka.

5/ Kafin ka sake goge baƙin allon nan, rubuta DIR tukuna, ka ga abin da ke ciki.